Me kuke yi kafin ku ɗora alƙalami a takarda?

Ƙanwar_Marubuta_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar rubutu. Mutum yana da labari a kai, ya san taurarinsa, ya san inda zai ƙare, amma da ya zauna sai hannu ya ƙi motsi, a ƙare da latsa waya har lokaci ya wuce. Akwai wata al'ada da kuke bi kullum wadda take sa a shiga aiki ba tare da jan ƙafa ba? Ba nasihar "ki dage" nake nema ba. Abin da za a yi da hannu nake so: wane lokaci, a ina, da me, minti nawa.

Malam_Bakin_Binuwai:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Farawar safe tun daren jiya ake shirya ta, kuma a ganina wannan ya fi duk wata al'ada da za a faɗa miki ƙarfi.

Ga yadda ake yi. Idan kina rubutu yau, kada ki tsaya a ƙarshen babi, kada kuma ki kai inda tunani ya ƙare miki. Ki tsaya a tsakiyar fage, a daidai lokacin da kin san abin da zai biyo baya sarai. Sai ki tsallake layi biyu ki rubuta abu uku a gajarce: wa zai yi magana, me yake so daga wanda yake gabansa, me zai hana shi samu. Layi uku kawai, kada ki mai da su shafi. Wasu ma jimla suke bari a buɗe, a ce "Da ta ɗaga labulen sai ta ga", su ajiye bik, wato biro, a nan. Gobe aikinki na farko ƙarasa jimla ne, wanda ko da barci a ido za ki iya. Kamar garwashi ne da aka lulluɓe da toka da daddare, da safe hura shi kawai ake yi.

Inda ake ɓata abin shi ne mutum ya ji rubutu yana zuba, ya ƙi tsayawa har ƙarfe ɗaya na dare, ya juye duk abin da ke kansa, ya rufe babi tsaf. Washegari sai ya tarar da farar takarda, kai fanko, ga gajiya. Daga nan ne kwana ɗaya yake zama mako.

Ɗan_Kusuri:
Malam ya gama magana. Ƙarina ɗaya: a bar kayen, wato littafin rubutun, a buɗe a kan shafin, bik a tsakiya, a wurin da za a zauna. Neman bik a cikin duhu kaɗai ya isa ya kai mutum ga waya.

Tawada_Marwa:
Ni batun lokaci zan taɓa. Daga Maris zuwa Mayu a Garwa da Marwa da Kusuri zafi yana wuce digiri 40 da rana, ɗakin kwano kuwa ba ya sakin zafinsa sai dare ya raba. Wanda ya sa wa kansa rubutu da ƙarfe biyu na rana a wannan lokaci ya ɗora wa kansa abin da jiki ba zai ɗauka ba. Mafi kyau tsakanin sallar asuba da fitowar rana. Kusan awa guda ce, gari da sanyi, ba mai sallama, ba mai kira. Sharaɗin shi ne kada a koma shimfiɗa. Daga kan sallaya a wuce wurin zama kai tsaye. Wanda ya ce bari ya ɗan kishingiɗa minti biyar, ranar ta tafi.

Ummu_Hanan_Garwa:
Yaya Tawada, asubar da kake faɗa ta maza ce. Matar da take da yara 'yan makaranta, daga sallama sallah sai hura wuta, dama koko, wanka, neman takalmin wannan da kayen wancan, don su isa aji kafin bakwai da rabi. Ƙanwata, idan kina da gida a hannu, ki duba tsakanin tara da goma da rabi na safe, bayan an yi shara, kafin a ɗora sanwar rana. Kuma ki ɗaure rubutun da wani aikin da ba ya tashi, ba da agogo ba, domin agogon uwar gida ba nata ba ne. Ki ce "da na shanya wanki na zauna", ko "da na ɗora wake na zauna". Wake yana ba ki abin da ya kai minti arba'in ba tare da ya nemi hannunki ba. Shinkafa da miyar da ake juyawa ba sa bayarwa. Sannan ki gaya wa mutanen gida a fili cewa idan suka gan ki a wannan tabarma da kaye, aiki kike yi. Sai an maimaita musu kafin su ɗauka da gaske, amma suna sabawa.

Tawada_Marwa:
Gaskiyarki Hajiya, ban hango wannan ba.

Na_Tudun_Adamawa:
Mu a Ngaundare tudu ne, sama da mita 1,000, ba mu da irin zafinku. A nan bayan isha'i ma yana yi. Abin da nake so a gane, lokacin ba shi da wani sirri a kansa. Maimaita shi ne yake aiki. Wanda yake zama yau da asuba, gobe da la'asar, jibi da tsakar dare, kullum sai ya sake lallashin kansa daga farko.

Mai_Gyaran_Waya_237:
Tunda 'yar'uwa ta ambaci waya, kuma yawancinmu a kanta muke rubutu, bari in faɗi nawa. Kafin ki buɗe wurin rubutu ki danna alamar jirgin nan, layi da data su mutu gaba ɗaya. Sa ta a shiru bai isa ba, saƙo yana leƙowa ta sama, ido kuma ba ya ƙin kallo. Ki ɗauko manhajar da kike rubutu ki ajiye ta a fuskar farko, WhatsApp da Facebook ki tura su fuska ta uku.

Na biyu, wayoyinmu na Kamaru da Chadi galibi a Faransanci aka saita su. Kina rubuta Hausa tana canza miki kalmomi, ki koma ki gyara, ta sake canzawa, tunani ya tsinke tun a layin farko. Ki shiga saitin Gboard, wato madannin rubutu na waya, ki ƙara Hausa a cikin harsuna, ki kashe gyaran kai tsaye. Da kin yi haka za ki sami ƙ da ɗ da ɓ, kuma jan layin da ke ƙarƙashin kalmomi zai ragu.

Na uku caji. A sa da dare, kada a zauna da asuba a ga kashi 8. Fawa bank mai mAh 10,000 (mAh ma'aunin yawan cajin batir ne) ba ya cika wayar mAh 5,000 sau biyu, domin wani kaso yana ɓacewa a matsayin zafi wurin juya wutar. Ki lissafa cikawa ɗaya da ɗan ƙari. Kuma kada a yi rubutu waya tana kan caji a ɗaki mai zafi, za ta rage haske da kanta, ta yi nauyi, batirin kuma yana lalacewa da wuri.

Goggon_Yara:
Allah ya biya ka ɗana. Batun canza kalmomin nan ya kori mutane da yawa daga rubutun waya.

Abban_Shayi_Njamena:
Ba wanda ya ambaci shayi har yanzu? A Njamena ba a fara aikin kirki ba a ɗora buta ba. Wanke kofi, hura gawayi, jiran tafasa, duk lokacin nan kai yana jujjuya fagen da za a rubuta. Kafin a zuba, jimlar farko ta zo.

Editan_Ngaundare:
Alhaji, a nan zan saɓa maka kaɗan. Shayin buta da ake yi zagaye uku yana cin awa guda ko fiye, kuma ƙamshinsa yana kiran maƙwabta. Da mutum biyu sun zauna, an koma hira. Duk al'adar da ta wuce minti goma ta daina zama shiri, ta cinye lokacin aikin. Wanda yake son shayi ya dafa tun da wuri ya zuba a fulas, kofi ɗaya a gefen kaye. Masu rubutun dare kuma su lura: kafeyin da ke cikin shayi da goro da kofi ba ya barin jiki da sauri, bayan awa biyar kusan rabinsa yana nan. Wanda ya sha mai kauri ƙarfe tara, barci zai yi masa wuya, asubar gobe ta lalace, kuma bai san daga inda matsalar ta fito ba.

Abban_Shayi_Njamena:
Na yarda da batun maƙwabta. Amma minti goman nan naka ba doka ba ce. Akwai wanda hannunsa yana kan aiki kansa yake buɗewa. Abin da zan amince da shi, a tsaya a zagayen farko, na biyu ya zama ladan shafi biyu.

Sha'irin_Logon:
Duk maganar nan ta masu zube ce. Mai waƙa ba ya fara da takarda, da kunne yake farawa. Da farko ka kama kari, wato ma'aunin sautin waƙar, ka yi ta rera shi a hankali ba kalmomi, kana tafiya ko kana kaɗa yatsa a gwiwa, har ya zauna. Sai ka zaɓi amsa-amo, ka rubuta kalmomi ashirin masu wannan ƙarshe a gefen shafi. Idan "ya" ce: duniya, gaskiya, zuciya, tafiya, rijiya, lafiya, da sauransu. Idan ka kasa kai goma sha biyar, canza amsa-amon tun yanzu, domin a baiti na shida zai shaƙe ka, ka fara cusa kalmar da ba ta da aiki. Bayan haka ka gina amshi, sannan baitoci. Ka kuma yanke tun farko ko 'yar ƙwar biyu ce ko 'yar ƙwar biyar, wato layi biyu ko biyar a kowane baiti, kada ka bari sai tsakiya.

Magabata da suke buɗe waƙa da sunan Allah da salati, ban da neman albarka, sun sauƙaƙa wa kansu. Baitin farko an san abin da zai ƙunsa, don haka hankali yana kan daidaita kari kaɗai. Kafin a zo kan jigo, baki ya riga ya saba da ma'aunin.

Ɗan_Kusuri:
Wannan jerin kalmomi ashirin dabara ce babba. Masu wasan kwaikwayon rediyo ma za su amfana: a jero sunayen 'yan wasa da kalmar da kowa ya saba faɗa kafin a fara.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Rubutu baiwa ce. Ranar da ya zo ya zo, ranar da bai zo ba ko an shimfiɗa tabarma goma ba zai zo ba. Wannan zama a wuri ɗaya, bik iri ɗaya, kofi a dama, yana kama da camfi. Kuma rubutun da aka matso da ƙarfi ana gane shi, ba shi da ɗanɗano.

Alaramma_Marwa:
Ɗan'uwa, a raba biyu. Camfi shi ne ka ɗauka wani bik ko wata kujera ke kawo sa'a. Wannan a guje shi, ba mu da ja. Al'ada kuwa horon jiki ne. Dubi marubutan Alƙur'ani a tsangayu. Kafin mutum ya fara, zai yi alwala, ya feƙe alƙalaminsa, ya motsa tawada ya duba kaurinta, ya gwada a gefen wata takarda, ya yi bisimilla. Kowane ɗaya yana da dalili a fili. Alƙalamin da ba a feƙe ba yana fasa harafi. Tawadar da ƙaro ya yi mata yawa tana danƙo, wadda ya yi mata kaɗan tana gogewa. A hunturu tana bushewa a bakin alƙalami, sai an ɗiga ruwa. Kafin ya gama waɗannan, numfashinsa ya daidaita, hankalinsa ya dawo wuri ɗaya. Ba wanda ya taɓa rubuta izu sittin da jiran ranar da ransa ya so.

Ga ma'auni mai sauƙi. Idan ka rasa abu ɗaya daga cikin al'adarka, a ce bik ɗin ya ƙare ko ka yi tafiya, ka kasa rubutu saboda haka, to abin ya fara mallakarka, ka cire shi. Al'adar kirki ita ce wadda za ka iya yi a tashar mota.

Gaskiya_Ɗaya:
Allah gafarta Malam, mai kwafar Alƙur'ani ya san abin da zai rubuta. Mai ƙirƙira bai sani ba. Ba ɗaya ba ne.

Malam_Bakin_Binuwai:
Shi ya sa na ce a bar layi uku tun jiya. Da su mai ƙirƙira ma ya san abin da zai rubuta, ko da na rabin shafin farko ne. Batun ɗanɗano kuma, gaskiya ne shafin farko yakan fito a sandare. Amma ba shi ake kai wa mai karatu ba, ana gyara shi daga baya. Ilhamar da kake jira ta fi samun wanda ya riga ya zauna.

Editan_Ngaundare:
Bari in koma kan tambayar ƙanwarmu, domin akwai abin da yake kashe farawa wanda ba a ambata ba: karatun baya. Mutum ya zauna da niyyar ci gaba, sai ya ce bari ya duba daga babi na ɗaya. Ya ga waƙafi ba daidai ba, ya ga sunan da bai yi masa ba, awa ta wuce yana gyara, sabon layi ko ɗaya babu. Ƙa'ida: shafi ɗaya na ƙarshe kaɗai za ki karanta, da murya, ba bik a hannu. Gyara yana da ranarsa daban.

Haka idan kina cikin rubutu kika rasa wani abu, a ce sunan unguwa, ko kuɗin mota daga Garwa zuwa Marwa, ko sunan wani magani, kada ki buɗe data. Ki sa alamar tambaya uku a wurin ki wuce. Ranar gyara sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga masu son agogo akwai tsarin Pomodoro, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Yana aiki, amma ga wanda hannunsa ya daɗe a tsaye 25 tana da nauyi. A fara da minti 10, da sharaɗin bik ba zai bar takarda ba, ko da abin da ake rubutawa shi ne bayanin ɗakin da tauraruwar take zaune. Kuma idan ƙararrawa ta buga kina tsakiyar zuba, ki kashe ta ki ci gaba. An sa ta ne don ta zaunar da ke.

Bafulatanar_Pitoa:
Akwai matsalar da ta fi damun mu nan fiye da 'yan'uwanmu na Kano ko Zinder. Mutum ya wuni yana ciniki da Fulatanci, a ofis ko makaranta Faransanci, na Kusuri da Njamena ga Larabci a kai. Da ya zauna rubuta Hausa sai jimlolin su fito da ƙashin wani harshe, shi kansa ya ji ba daɗi, ya ajiye. Yana zaton labarin ne ya ƙi, alhali kunne ne bai dawo gida ba.

Maganinsa minti biyar ne. Ki ɗauki shafi ɗaya na rubutacciyar Hausa mai kyau ki karanta da murya, ba a zuci ba. Ko ki saurari labaran Hausa a rediyo kaɗan. Sai ki rubuta layi goma na hira tsakanin mutum biyu da kika san bakinsu, a ce kaka da jika suna musu a kan canjin cefane. Ba za su shiga littafin ba. Amma daga nan idan kika koma labarinki za ki ji maganar mutanenki ta miƙe. Abin lura ɗaya: kada ki riƙa karanta marubuci guda kullum, salonsa zai manne miki. A riƙa canzawa.

Sha'irin_Logon:
Wannan magana ta Anti a rubuta ta a ajiye. Ko a waƙa haka ne, tsawon wasali ne yake fara gudu idan kunne ya wuni a wani harshe, kari kuma a kansa ya dogara.

Mai_Babur_Marwa:
Masu aikin da ba zama fa? Mai babur ko mai shago ba shi da tabarma da kaye.

Mai_Gyaran_Waya_237:
Murya. Lokacin jiran fasinja ka buɗe na'urar naɗar murya ta waya, ka faɗi fage ɗaya kamar kana ba aboki labari, minti uku zuwa biyar, kada ya wuce. Ka sa masa suna nan take, a ce "babi 4 rigimar gado", in ba haka ba za su taru ba ka san wanne ne wanne ba. Da dare farawarka ita ce ka saurara ka kwafe. Ka sani kwafewa tana cin kusan ninki huɗu na tsawon maganar, shi ya sa na ce a gajarce. Wanda ya naɗi awa guda ba zai taɓa zama ya kwafe ba.

Ƙanwar_Marubuta_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura guda. Dabarar Malam ta barin jimla tana aiki ne idan an riga an fara. Ranar farko fa, sabon kaye, babu jiya?

Malam_Bakin_Binuwai:
Kada ki fara da babi na ɗaya. Shi ne mafi wuya a littafi, kuma kusan kullum ana sake shi bayan an gama. Ki ɗauki fagen da ya fi damun ki, wanda saboda shi kike son rubuta labarin, ko rigima ce ko rabuwa ko ranar da asiri ya tonu. Ki fara da maganar da wani ya faɗa, ba da bayanin gari ko yanayi ba. Sannan ki bar shafi biyar na farkon kayen fanko, ki fara a na shida. Hannu yana jin nauyin ɓata shafin farko.

Ummu_Hanan_Garwa:
Kuma ki sayi kaye na 'yan makaranta mai shafi 200, ba mai tsada mai kyakkyawan bango ba. Mai tsada tsoron ɓata shi ake yi. Ki rubuta a shafin dama kawai, na hagu ki bar wa gyara da ƙari.

Goggon_Yara:
Wani abu ga masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp. Kada ku fara saki sai kuna da kashi biyar a ajiye. Wadda take rubuta na yau don ta saki yau, ranar da yaro ya yi zazzaɓi ko aka yi rasuwa, masu karatu za su cika ta da "ina ci gaba", sai tsoro ya shiga, zama ya gagara. Da ajiya a hannu ana zama da kwanciyar rai.

Gaskiya_Ɗaya:
Har yanzu ina ganin akwai ranar da ya kamata a ƙyale takarda ta huta. Amma batun fara da fagen da ya fi damun mutum, wannan na karɓa.

Na_Tudun_Adamawa:
Tambaya ga Alaramma da Hajiya Ummu Hanan: da azumi yaya ake yi? Duk tsarin nan yana rushewa, asuba barci, yamma girki, dare tarawihi.

Alaramma_Marwa:
A rage, kada a yanke. Bayan sahur kafin kiran sallah akwai minti goma zuwa sha biyar, ciki da abinci, ido a buɗe. Rabin shafi ya isa, a bar layi ukun nan kamar kullum. Goman ƙarshe kuwa a rufe kayen, amma a rubuta shafi guda na inda aka tsaya da abin da ya rage, don bayan sallah a sami abin kamawa.

Ummu_Hanan_Garwa:
Ga mata bayan sahur wanke-wanke ne, Malam. Hantsi ya fi, tunda babu sanwar rana, daga tara har sha ɗaya gida shiru. Sai dai a sa fagen da ba ya buƙatar dogon tunani, irin hira da tafiya, a bar masu sarƙaƙiya sai bayan sallah.